Batir Huɗu da Muryar Inna

Daga: Tsohon Ma'ajin Kayan Aiki (mai ritaya),
Gida na uku bayan tankin ruwa,
Layin masu walda.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Sauraron Koken Masu Saye,
Ofishin Kula da Ingancin Kayayyaki,
Bene na biyu.

Litinin, 9 ga Satumba, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YOYON BATIR MAI TAMBARIN KUNKURU, DA ƁARNAR DA YA YI WA WANI KASET DA BA SHI DA NA BIYU

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Yallaɓai yana cikin ƙoshin lafiya shi da ma'aikatansa, mai ƙorafi yana neman izinin gabatar da kokensa kamar yadda zai zo a ƙasa. Yallaɓai zai lura cewa takardar nan ba ta cewa "ni". Shekara talatin da ɗaya mai ƙorafi ya yi yana riƙe da makullin sito a wata makarantar koyon sana'a, a can kuma aka koya masa cewa "ni" ba ta shiga takardar ofis. Yau yana gode wa wanda ya koya masa, domin akwai abubuwa a nan ƙasa da suka fi sauƙin faɗa idan an ɗora su a kan wani mutum.

1. Domin Yallaɓai ya san wanda ke magana, mai ƙorafi ba baƙo ba ne a harkar batir. A ƙofar sitonsa akwai takardar da ya rubuta da hannunsa ya manna, mai cewa duk wanda ya dawo da tocila ko rediyo ko na'urar gwaji da batir a ciki, ya koma ya cire kafin a karɓa. Bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kan wannan doka ba, har mataimakin shugaban makaranta ya taɓa mayarwa. Daga nan ɗalibai suka laƙaba masa suna Cire-Batir, sunan ya bi shi gida, ya bi shi ritaya, yau ko jikokinsa da shi suke kiransa idan suna zaton ba ya ji. Ba ya ɓoye cewa ya ji daɗin sunan. Ya sha zuwa gaisuwa gidan surukai, kafin a kawo ruwa ya ɗauki tocilarsu ya buɗe, ya leƙa, ya girgiza kai, ya yi musu huɗuba. An haƙura da shi saboda shekarunsa, kuma saboda a lokuta da dama gaskiya ce da shi.

2. A ranar 6 ga Afrilu, 1991, mai ƙorafi ya ɗauki muryar mahaifiyarsa, wadda suke kira Inna, a kaset mai minti sittin. Tana kwance ba lafiya, ya ajiye rikoda a gefen filonta, ta yi ta magana, ta kira 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka. Bayan kwana goma sha tara Allah ya karɓi abarsa. A lokacin babbar yayar mai ƙorafi ba ta gari. Wata huɗu kafin nan sun yi sa-in-sa da Inna a kan zuwa asibiti, Inna ta ce ba inda za ta, Yaya kuwa ta ce to shi ke nan, ba za ta sake tako gidan ba, ta bi mijinta wurin da aka yi masa canjin aiki. Ba ta sake ganin Inna da rai ba.

A wajen minti na goma sha biyu na kaset ɗin, Inna ta yi magana a kan Yaya. Mai ƙorafi ya shaida wa Yaya haka tun ranar da ta iso gaisuwa, ya kuma ɗauko rikodar. Ta riƙe masa hannu. Abin da ta ce a ranar yana nan a kansa: "Auta, ba yanzu ba. Ka ajiye mini. Kai ne mai ajiya a gidan nan. Ranar da zuciyata ta yi ƙwari zan nema." Saboda haka Yallaɓai zai gane cewa abin da ake magana a kai amana ce, ba kaset ɗin waƙa ba.

3. A ranar 3 ga Fabrairu, 2022, mai ƙorafi ya sayi manyan batura guda huɗu masu tambarin Kunkuru a shagon da ke kusurwar layinsu. A jikin kowannensu an buga cewa zai kai watan Disamba na 2026. A ƙasan hoton kunkurun an rubuta cewa batirin yana da tsawon rai. Mai ƙorafi ya duba bakinsu, ya duba gindinsu, ya auna su a tafin hannu, ya ɗan taɓa da harshe kamar yadda ya saba, ya yi wa mai shago bayanin da bai tambaya ba, sannan ya karɓa. Wannan shi ne kokensa na farko: abin da aka rubuta a jikin kaya alkawari ne, kunkurun nan kuwa bai cika nasa ba.

4. Mai ƙorafi yakan saurari kaset ɗin lokaci zuwa lokaci, shi kaɗai, ƙofa a rufe. A ranar 14 ga Maris, 2022, wato kwana arba'in ba ɗaya bayan sayen baturan, yana cikin sauraro sai muryar Inna ta fara ja, ta yi kauri, ta koma kamar ta ƙaton namiji mai jin barci. Sau uku kacal aka yi amfani da baturan kafin wannan rana. Wannan shi ne koke na biyu.

A nan ne takardar ta fara yi wa mai ƙorafi nauyi. Maimakon ya zubar da baturan, sai ya yi musu abin da aka saba yi. Ya shanya su a rana a kan kwanon rufin kicin kwana uku, yana juya su safe da yamma. Da suka sha rana ya ɗora su a dakali, ya bubbuga kowanne da ƙotar guduma har gefensa ya ɗan loɓa, domin abin da ya kwanta a ciki ya farka. Ya mayar da su rikoda, muryar Inna ta miƙe tsaf. Ya fito tsakar gida yana murmushi, ya shaida wa maiɗakinsa cewa mutanen yanzu ba su san tattali ba, da su ne da tuni sun jefar. Yana roƙon Yallaɓai ya lura cewa babu inda aka rubuta a jikin batirin kada a shanya shi, kada a buga shi. Yana kuma amsa cewa babu inda aka rubuta a jikin guduma kada mutum ya buga ta a goshinsa.

5. Da ya gama sauraro a ranar 17 ga Maris, mai ƙorafi ya bi dokarsa. Ya cire baturan daga rikoda, duka huɗun, yana so wannan ya shiga rubuce. Rikodar tana nan lafiya lau har gobe, ko ɗigon tsatsa babu a sifirin ɗinta.

To amma mai ƙorafi yana da doka ta biyu, ita ma daga sito ya taho da ita: kayan aiki ɗaya wuri ɗaya suke kwana, don kada ranar buƙata a tsaya nema. Murfin kaset ɗin ya fashe tun 1998. Saboda haka ya shimfiɗa farin hankici, ya ɗora kaset, ya jera baturan nan huɗu da ya gasa ya kuma daka a gefensa, ya naɗe su tare kamar uwa da 'ya'yanta. Ya sa a gwangwanin biskit, ya rufe, ya zagaye bakin da salatif don kada iska ta shiga, ya ɗora a saman wadirob, tazarar kamu ɗaya daga kwanon rufi. Ya sauko daga kujera yana jin cewa duk garin babu mai ajiya irin tasa.

Gwangwanin ya yi shekara biyu da wata huɗu a can. Dalili kuwa shi ne gwiwar mai ƙorafi ta daina yarda da hawa kujera, girman kansa kuma bai yarda ya ce wani ya hau masa ba.

6. Gaskiya ta tilasta a ambaci 'yar mai ƙorafi ta biyu, ma'aikaciyar jinya. Aƙalla sau biyar, a shekaru daban-daban, ta ce masa: "Baba, ka ba ni kaset ɗin nan minti sittin kawai, in kunna in ɗauka a waya, in tura wa kowa." Ya amsa mata cewa waya takan faɗa ruwa, takan ɓace, ɓarawo yakan fizge, kaset kuwa ya shekara talatin a hannunsa ko ƙwarzane babu. Ya ƙara da cewa ranar da ta ajiye wani abu shekara talatin sai ta zo su yi magana. Yarinyar mai ladabi ce. Har yau ba ta tuna masa da wannan zance ba, sai dai wani irin kallo da take yi wa silin idan an ambaci kaset.

7. A ranar 19 ga Yuli, 2024, Yaya ta aiko ɗanta. Shekarunta tamanin da ɗaya, idanunta sun rufe tun bara, tana zaune a gidan ɗan nata a ɗaya ɓangaren gari. Saƙon gajere ne: a gaya wa Auta lokaci ya yi, ya zo da abin nan.

Washegari da hantsi mai ƙorafi ya sa aka sauko da gwangwanin. Ya sallami kowa, ya yanke salatif. Wari ne ya fara tarbarsa, mai kama maƙogwaro. Hankicin ya zama ruwan ƙasa, ya bushe ya ƙame. Baturan sun kumbura, biyu sun fashe ta daidai inda guduma ta taɓa, wani farin gari kamar gishiri ya fito musu ta baki ya hau komai. Hankicin da aka sa don kariya shi ya tsotse ruwan ya kai shi har cikin kaset, ta ramukan da ke ƙasa. Zaren da ke naɗe a gefe ɗaya ya manne ya zama dunƙule guda, an kasa gane farkonsa.

Mai ƙorafi bai san tsawon lokacin da ya yi a zaune a bakin gado ba. Maiɗakinsa ce ta leƙo don ta ji shirun ya yi yawa. Ta dubi gwangwani, ta dubi baturan, ta dube shi. Shekara arba'in ta yi tana shan huɗubar batir. Ta buɗe baki ta ce, "Malam, mai dokar barci..." sai ta ga fuskarsa, ta haɗiye sauran, ta je ta kawo masa ruwa. Da ta ƙarasa karin maganar da ya fi masa sauƙi.

8. Don kada a ce duk laifin guduma ne, mai ƙorafi ya bi gidan da bincike a wannan rana, ya kuma sami abin da zai riƙe. Agogon bangon falo, wanda ya tsaya tun watan jiya ana cewa tsufa ne, ƙaramin Kunkuru ne a cikinsa, ya yi yoyo ya cinye ƙarfen da yake taɓawa. Rimot ɗin fanka haka. Tocilar maiɗakinsa sai da aka sa filaya kafin murfinta ya buɗe. Waɗannan ba a shanya su ba, ba a buga su ba, kwanan watan da ke jikinsu kuma bai cika ba. Maƙwabcinsa tela ya nuna masa rediyonsa da ta mutu ta wannan hanya, wata maƙwabciya ta kawo abin awon hawan jinin mijinta. Wannan shi ne koke na uku, kuma shi ne mai ƙarfi. Mai ƙorafi ya yarda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ya kuma yarda shi ya tsaga nasa bangon da hannunsa. Amma ƙadangaren nan yana shiga har gidajen da ba su da tsaga.

9. Mai ƙorafi ya je wurin mai shago a ranar 22 ga Yuli. Mai shago ya saurare shi da ladabi, ya ce shi saye yake ya sayar, bai taɓa ganin cikin batir ba, yadda aka kawo masa a kwali haka yake miƙawa. Suka duba kwalin tare don neman adireshin kamfani. Akwai rubutu, amma ƙanana ne ƙwarai, ko da tabarau biyu mai ƙorafi bai karanta ba, da mai shago ya karanta kuma babu wanda ya gane yaren. Yana fita sai mai shago ya ce, "Baba, ai na ɗauka kai ne mutum na ƙarshe da batir zai yi wa haka." Da kyakkyawar niyya ya faɗa.

10. Yanzu an zo inda mai ƙorafi ya fi jin kunya. Bai je ya gaya wa Yaya ba. Mako na farko ya aika cewa bel ɗin rikoda ya saki. Mako na biyu ya ce mai gyara ya yi tafiya. Na uku ya fake da ruwan sama, na huɗu da gwiwa. A na biyar ya ce makullin akwati ya ɓace, shi da bai taɓa ɓatar da makulli ba a shekara talatin da ɗaya, wanda zai kai saƙon ma sai da ya sake tambaya ko ya ji daidai.

A cikin waɗannan makonni ne, ranar 12 ga Agusta, mai ƙorafi ya hau benen ofishinku ya karɓi fom. Bari ya faɗi abin da ya kawo shi ba tare da kwana-kwana ba. So yake a ba shi takarda mai hatimi, wadda za ta ce batir ne ya yi ɓarna, ma'aji ba shi da laifi, ya kai wa Yaya a karanta mata. Ya ma rubuta ƙorafin farko, shafi biyu, mai kyau ƙwarai. Babu rana a cikinsa, babu guduma, babu hankici, babu 'yarsa. Wanda ya karanta shi zai so ya ba mai ƙorafi lambar yabo.

A mako na shida Yaya ta sake aiko ɗanta. Ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, cewa ta yi in faɗa yadda ta faɗa. Ta ce a gaya wa Auta ido ne ya mutu, kai yana nan."

11. Kafin nan mai ƙorafi ya riga ya kai kaset ɗin wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, wanda suka daɗe da sanin juna. Dattijon ya kwance ƙusoshin, ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Ya ce babban naɗin ba zai taɓa ba, in ya ja zai tsinke, in ya jiƙa bai san abin da zai wanke ba, aikin ya fi ƙarfin teburinsa. Amma ya nuna ɗaya gefen, inda ɗan zare kaɗan ya rage a naɗe, ruwan bai kai gare shi ba. Ya tambaya me ya sa ba a ƙarasa kaset ɗin ba, ba a kuma mayar da shi farko ba.

Mai ƙorafi ya san dalili. Shekara talatin da ɗoriya, duk lokacin da ya saurari kaset ɗin, a wuri ɗaya yake danna tsayawa, gab da ƙarshe, saboda akwai wata 'yar magana a nan da ba ya son ji. A ranar ƙarshe kuma gudun wahalar da baturan ya sa bai mayar da zaren farko ba. Don haka duk abin da yake so, albarkar da addu'ar da minti na goma sha biyu, yana gefen da ya kwana jikin batir. Abin da ya ƙi ji ne kaɗai ya tsira. Dattijon ya yanke shi ya sa a wani kaset, daƙiƙa goma sha tara ne.

12. A ranar Asabar, 31 ga Agusta, mai ƙorafi ya yaga ƙorafin farko, ya ɗauki rikoda, 'yarsa ta raka shi gidan Yaya. Ya same ta zaune a kan darduma, ta jingina da bango, ta yi wanka ta sa turare kamar mai jiran baƙo. Ya gaishe ta. Ya gaya mata komai, har da gudumar. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce, "To sa abin da ya rage."

Ya danna. Aka ji ƙarar cokali a kofi, aka ji tari, sannan muryar Inna tar kamar tana ɗakin: "Auta, ba ka kashe abin nan ba? Kashe mana. Kai dai ba ka san tattali ba. Batir a rijiya ake ɗebo shi?" Sai muryar wani matashi ta ce, "To, Inna." Sai ƙit.

Yaya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Ita ce. Wallahi ita ce." Ba a san inda dariyar ta tsaya kukan ya fara ba. Ta ce a sake sawa, aka sake, har sau bakwai. 'Yar mai ƙorafi ta fito da waya ta ɗauka ba tare da ta nemi izinin kowa ba, mai ƙorafi kuma ya dubi silin.

Sannan Yaya ta goge fuska ta ce, "To ina nawa?"

Mai ƙorafi ya haddace wurin, ya ji shi ya fi sau ɗari. Ya gyara zama ya faɗa mata kalma da kalma, yadda Inna ta faɗa: "Ita kuwa babbar, ku gaya mata fushin nan nata nawa ne, a wurina ta gada. Na yafe mata duniya da lahira. Ita ma ta yafe mini taurin kai."

Yaya ta juyo da fuskarta wajensa. Ta ce, "Auta, sati shida kana yi mini ƙarya. Yau kuma ka zo da magana mai daɗi haka." Mai ƙorafi ya rantse. Bai taɓa jin rantsuwarsa ta yi rashin nauyi a bakinsa kamar ranar ba. A duniya shi kaɗai ya taɓa jin wannan magana, shaidarsa ce kawai ta rage, shi kuma ya ɓatar da ita a kan bel ɗin rikoda da makullin akwati. Yaya ta lalubo kansa ta dafa, kamar yadda take yi lokacin da take goyonsa. Ta ce, "Na yarda. Amma na so in ji."

Ba ta zage shi ba. Ta sa aka kawo masa shayi.

ABIN DA MAI ƘORAFI KE ROƘO

Bisa ga abin da ya gabata, mai ƙorafi yana roƙon Yallaɓai cikin ladabi:

(a) A gwada baturan da ke haɗe da wannan takarda a cikin kwalba. Manyan guda huɗu an yi musu alama da jan biro, su ne waɗanda suka sha rana da guduma, kada a yi musu hukuncin da ya wuce laifinsu. Ƙananan guda biyar babu wanda ya taɓa su, daga agogo da rimot da tocila aka ciro su, su ne shaidu na gaskiya.

(b) Idan an tabbatar da aibu, a binciki inda ake shigo da su, a kuma tsayar da sayar da su kafin su shiga wani gwangwanin.

(c) A tilasta wa duk mai yin batir ya rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe, da yaren da masu saye ke ji: kada a shanya, kada a buga, kada a haɗa tsoho da sabo, kada a ajiye shi kusa da abin da ba a son rasawa. Wanda ya rubuta a ƙofar sito cewa a cire batir bai taɓa tunanin ya ƙara layi na biyu ba, wato in an cire a kai shi ina.

(d) Mai ƙorafi ba ya neman diyya, kuma ya janye buƙatar takarda mai hatimi. Ya gane babu hatimin da Yaya za ta iya ji da kunnenta.

(e) Roƙo na ƙarshe ba ya cikin fom ɗinku, mai ƙorafi ya duba. An ce ofishinku yana da ɗakin gwaje-gwaje, da mutanen da suka san abin da ruwan batir ke ci da abin da yake bari. Dunƙulen zaren yana nan, a cikin ambulan, a aljihun gaba, nesa da kowane batir. Idan akwai wanda ya san yadda ake warware irinsa, a cikinku ko a wani wuri da kuka sani, ba minti sittin ake nema ba. Wajen minti na goma sha biyu ne, magana ce da ba ta kai numfashi uku ba. Ba za a aiko shi ta gidan waya ba, mai ƙorafi zai kawo da kansa, ya zauna a bencin da ke ƙofarku, ba zai buɗe tocilar kowa ba.

Ranka ya daɗe, a nan dokar ofis ta ƙare mini. Ni na shanya su, ni na buga su, ni na naɗe su da muryar uwata a hankici ɗaya. Amana aka ba ni don an ce ni ne mai ajiya. Ranar da na zo karɓar fom na karanta a allonku cewa ana amsa ƙorafi cikin kwana casa'in, kuma na san kowane ofis da tsarinsa, ni ma na sa mutane jira a bakin sito. Sai dai yayata tana da shekara tamanin da ɗaya, tun ranar nan kuma kullum da safe sai ta yi wanka ta sa turare. Ina roƙon Yallaɓai, don girman Allah, ya dubi kwana casa'in ɗin nan.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da adalci.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Auta,
tsohon ma'aji, wanda har zuwa 20 ga Yuli ake kira Cire-Batir.

Haɗe da wannan takarda:
Kwalba ɗaya mai batir tara.
Kwalin batir mai tambarin Kunkuru.
Hankici ɗaya, a cikin leda.